Launi a kan gilashi: yadda ake gano mazaunin amino asid a cikin nama

Idan aka niƙa ɗan yankin hanta ko na fata aka narkar da shi a kwalba, na'urorin ɗakin gwaje-gwaje za su lissafa kowane amino asid (tubalan da ake gina furotin da su) da ke ciki, har da adadinsa. Abin da ba za su faɗa ba shi ne inda kowanne yake zaune kafin a niƙa. A cikin cibiyar ƙwayar halitta yake, ko a gefenta? A wannan rukunin ƙwayoyi, ko a na maƙwabtansu? Niƙa ta shafe wannan labarin. Shi ya sa masu binciken nama suka ɗauki wata hanya dabam: a bar naman yadda yake, a yanka shi siriri, a zuba masa sinadarin da zai yi launi a daidai wurin da abin da ake nema yake, sannan a duba a maikiroskof. Wannan fanni shi ake kira histokemistiri, kuma ana jingina farkonsa ga Bafaranshe François-Vincent Raspail, wanda tun a shekarun 1820 ya riƙa ɗiga aidin a kan sassan tsiro yana kallon inda sitaci ya yi shuɗi.

Sitaci yana da sauƙi. Furotin ne mai wuyar sha'ani, kuma sai an san dalilin wuyar kafin a iya karanta sakamakon kowane rini.

Furotin sarƙa ce ta amino asid iri 20. Dukansu gindinsu ɗaya ne, kuma da wannan gindin suke ɗaure da juna, don haka da zarar sun shiga sarƙa babu sauran abin kamawa a wajen. Abin da ya rage a fili shi ne reshen da kowanne yake da shi a gefe, kuma reshen ne ya bambanta su. Na tairosin zoben fenol ne, na tiriftofan zoben indol, na arjinin rukunin guwanidin, na sistayin kuma farar wuta ce haɗe da haidirojin. Rini ba ya sanin amino asid da sunansa, reshen kawai yake kamawa. Kamar mai neman mutum ne a cikin taro da bai san fuskarsa ba, hularsa kaɗai aka kwatanta masa: duk wanda ya sa irin hular zai kama, wanda kuwa ya zo kai ba hula ba zai taɓa ganinsa ba. Gilaisin, alanin, balin, lusin da aisolusin suna cikin na biyun. Rassansu ba sa shiga wata hulɗa da sinadaran rini, saboda haka babu wani tsohon rini da ke nuna su, duk da yawansu. Kusan kashi ɗaya cikin uku na kolajin, furotin mai zare-zare da ke riƙe nama, gilaisin ne, amma ba ta wannan hanyar za a gani ba. A taƙaice, cikin 20 ɗin, 'yan ƙalilan ne ake iya rinawa.

Akwai kuma abin da ke faruwa da naman kafin rini ya taɓa shi. Ana fara tsoma shi a formalin, wanda yawanci kashi 4 cikin 100 ne na formaldehaid a ruwa. Likita Ferdinand Blum na Jamus ne ya lura a 1893 cewa wannan ruwan yana taurara fatar yatsunsa, daga nan ya zama abin adana nama a duniya baki ɗaya. Bayan formalin sai a bi da naman ta cikin alkohol mai ƙara ƙarfi mataki-mataki don a cire ruwa, a wuce da shi zailin, a cusa masa narkakken kakin farafin mai zafin kusan digiri 60, a yanka shi kaurin maikiromita 3 zuwa 5, a shimfiɗa a ruwan ɗumi, a ɗora a gilashi, sannan a sake wanke kakin. Amino asid da ke yawo shi kaɗai a cikin ƙwayar halitta ƙarami ne, kuma yana narkewa a ruwa. Kafin a kai rabin wannan tafiyar ya bi ruwan wanki. Abin da ya saura a gilashi shi ne wanda ke ɗaure a jikin furotin. Ke nan idan aka ce "rinin arjinin", abin da ake nufi a zahiri shi ne rinin furotin mai yawan arjinin. Ɗalibai da dama suna haddace sunayen gwaje-gwajen nan ba tare da wannan ya zauna musu ba, kuma daga nan kuskuren fassara yake farawa.

Formalin ɗin ma ba ɗan kallo ba ne. Yana taurara nama ne ta hanyar kama rukunin amino, musamman na laisin, yana gina gada tsakanin furotin da furotin. Wato abin da ya adana naman shi ne kuma ya toshe wani ɓangare na abin da ake son gani. Wannan ya fi fitowa a gwajin ninhaidirin da Schiff, wanda Yasuma da Ichikawa suka bayyana a 1953. Ninhaidirin, wanda Siegfried Ruhemann ya gano a 1910, yana yin shunayya idan ya haɗu da amino asid, kuma shi ne 'yan sanda ke fesawa a takarda don fito da sawun yatsa tun shekarun 1950. Sai dai a yankan nama wannan shunayyar ba ta da amfani, domin narkewa take ta bar wurin da aka haife ta. Dabarar ita ce a manta da launin, a dubi abin da ninhaidirin ya bari a baya: ya cire rukunin amino ya bar aldehaid a jikin furotin, shi kuwa yana nan daram. Sai a kawo ruwan Schiff, wanda ba shi da launi sai ya haɗu da aldehaid, ya rina wurin ja mai ratsin shunayya. Gilashin kan kwana a ninhaidirin cikin alkohol a digiri 37. Idan naman ya daɗe a formalin, launin zai fito a dushe. Idan kuma da gulutaraldehaid, wani ruwan adanawa ɗan'uwan formalin, aka adana shi, ko'ina zai yi ja ko da ba a sa ninhaidirin ba, domin ruwan adanawar da kansa ya bar aldehaid a kowane lungu.

Mafi tsufa a jerin shi ne gwajin Millon, na masanin kemistiri ɗan Faransa Eugène Millon, a 1849: zaiba da aka narkar a asid na naitirik, tana yin ja da zoben fenol. Cikin amino asid na furotin, tairosin kaɗai ke da wannan zoben, saboda haka a nama gwajin ya kusa zama nasa shi ɗaya. John Baker na Jami'ar Oxford ya gyara shi a 1956 yadda zai yi aiki a yankan nama, da gishirin zaiba a asid na salfiyurik da sodiyam naitirait, a ɗan dumama. A ganina matsalar Millon ba ta rashin gaskiya ba ce, ta rashin labari ce. Kusan kowane furotin yana da tairosin, don haka gilashin gaba ɗaya kan yi ja-ja mai disashewa, sai kolajin da ke da shi kaɗan ya fito fari-fari. Ga kuma zaiba, guba ce da ɗakunan gwaje-gwaje ke ta ƙoƙarin rabuwa da ita, balle bayan yarjejeniyar Minamata ta 2013. Histidin kuwa ba shi da rinin kansa mai tsabta. Gwajin Pauly na 1904 yana kama shi tare da tairosin, kuma gwajin tetirazoniyam na Danielli yana ƙara tiriftofan a kansu, sai an yi ta toshe wannan da wancan kafin a ce ga histidin.

Inda sana'ar ta fi kyau shi ne tiriftofan. Shi ba ko'ina yake ba, kuma ƙarancinsa ne ya sa rininsa ke da abin faɗa. Hanyar da C. W. M. Adams ya wallafa a Ingila a 1957 tana amfani da wani aldehaid da ake taƙaita sunansa DMAB. Ana fara lulluɓe yankan da siririn seloidin don kada ya ɓalle, domin abin da zai shiga ba wasa ba ne. Sai a tsoma gilashin minti ɗaya a DMAB da aka narkar a tsantsar asid na haidirokulorik, a ƙarƙashin murfin zuƙe hayaƙi, hayaƙin na tashi daga bakin kwalbar. A wannan matakin ido ba ya ganin abin kirki. Aldehaid ɗin dai ya manne da zoben indol. Daga nan a mayar da shi wani minti ɗaya a sodiyam naitirait, shi ma cikin asid ɗin, sai shuɗi mai ƙarfi ya taso. A wanke, a busar da alkohol, a rufe.

A ɗauki yankan fankiriyas, gaɓar da ke yin insulin da sinadaran narkar da abinci. A maikiroskof, ƙwayoyin da ke haɗa sinadaran narkar da abinci za su nuna ɗigo-ɗigon shuɗi a samansu, wajen da ke fuskantar bututu, domin a nan suke tara buhunan enzayim kafin su saki, kuma waɗannan enzayim ɗin suna da tiriftofan sosai. Tsakanin su akwai tsibiran Langerhans. A cikin tsibiri ɗaya, ƙwayoyin da ke yin insulin sun fito a dushe, waɗanda ke yin gulukagon kuma sun ɗauki shuɗi. Dalilin yana cikin jerin sarƙoƙin biyu: insulin amino asid 51 ne kuma babu tiriftofan ko ɗaya a cikinsu, gulukagon 29 ne kuma yana da guda ɗaya. Zaren kolajin da ya kewaye komai bai ɗauki launi ba, don shi ma ba shi da shi. Haka ƙwayoyin Paneth da ke gindin ramukan hanji suke yin shuɗi, haka fibirin na gudan jini. Wannan ne ya sa masu binciken cuta suka taɓa dogara da shi don bambanta fibirin da kolajin a bangon jijiyar da ta lalace. Amma a lura, zoben indol aka kama. Duk wani abu mai wannan zoben da ya tsira daga wanki zai iya ba da launi, kuma ƙarfin shuɗin yana raguwa idan naman ya yi makonni a formalin.

Arjinin kuma nasa gwajin na Shoyo Sakaguchi ne, ɗan Japan, a 1925: alfa-naftol da sodiyam haifokulorait, wato sinadarin da ke cikin ruwan bilic, a ruwa mai alkalin sosai. Launin ja ne mai karkata zuwa ruwan lemo, kuma ba ya jira. Wanda ya gama rinin ya tafi cin abinci zai dawo ya tarar da gilashi kusan fari, saboda haka maikiroskof ɗin a kunne yake tun kafin a fara. Abin da yake nunawa da kyau shi ne cibiyar ƙwayar halitta, inda furotin ɗin da ake kira histon ke naɗe da DNA, da kuma kan maniyyi, inda furotamin mai cike da arjinin ya maye gurbin histon don a matse DNA ɗin ƙwarai. Kemistirinsa amintacce ne, domin a furotin arjinin kaɗai ke da rukunin guwanidin. Alkalin ɗin ne dai ke cin yankan, bilic ɗin kuma ya cinye launin da shi kansa ya taimaka aka yi.

Farar wuta ce ta fi kowa tara hanyoyi, kuma dalilin shi ne tana zuwa a fuska biyu. Sistayin yana da rukunin SH, wato farar wuta (S) haɗe da haidirojin (H), a sake. Idan biyu suka haɗu suka ba da haidirojin ɗinsu, sai su ƙulla gadar S-S, abin ya zama sistin. Wannan gadar ce ke riƙe siffar furotin da yawa, ita ce ƙarfin gashi da farce, ita ce kuma warin da ke tashi idan gashi ya ƙone. Don ganin SH akwai hanyar Chèvremont da Frédéric ta 1943, inda SH ke sauya gishirin ƙarfe ya zama shuɗin Furushiya. Tana da sauri, amma melanin da laifofusin, launukan da jiki ke tarawa da kansa, ma suna yin hakan, kuma a fata melanin ba baƙo ba ne. Wani mai bincike, Bennett, ya kawo wani rini mai zaiba a jikinsa, ruwan lemo, wanda ke manne wa SH kai tsaye, sai dai launinsa ba ƙarfi. Barrnett da Seligman a 1952 suka zo da DDD, sinadarin da shi kansa yake da gadar S-S: SH na nama ya tsinka gadar, rabin sinadarin ya manne a furotin, ɗaya rabin a wanke shi, sannan a haɗa wanda ya manne da gishirin dayazo ya yi launi. Don ganin S-S kuwa, Adams da Sloper a tsakiyar shekarun 1950 suka yi amfani da asid na ferfomik, wanda ake haɗawa sabo a ranar aiki daga asid na fomik da haidirojin feroksaid. Yana fasa gadar ya mayar da kowane gefe asid mai ƙarfi, sai shuɗin Alshiyan ya kama shi a ruwa mai tsananin asid da pH ɗinsa bai kai 1 ba, inda mafi yawan sauran rukunan asid na nama sun yi shiru. Da wannan aka bi sawun abin da ƙwayoyin haifotalamas, wani sashe na ƙwaƙwalwa, ke turawa ta jijiyoyinsu zuwa bayan fituwitari da ke ƙarƙashinsa, wato oksitosin da basofuresin, kowanne amino asid 9 da gadar S-S ɗaya, tare da furotin ɗin da ke rako su mai yawan sistin.

A yanka gindin gashi a tsaye, a rina yanka ɗaya don SH, na kusa da shi don S-S. A can ƙasa, inda ƙwayoyi ke rarrabuwa, launi kaɗan ne a duka biyun. Ɗan sama kaɗan akwai yankin da ake zuba keratin, furotin ɗin gashi, kuma a nan rinin SH yake yin duhu. Sama da wannan sai ya dushe kusan farat ɗaya, a ɗaya gilashin kuma daidai nan rinin S-S yake kankama ya bi tsawon gashin. Gilasai biyu sun nuna wurin da gashi ke taurara da yadda yake taurara. Niƙa ba za ta taɓa ba da wannan ba, domin a kwalba farar wutar ƙasa da ta sama duk ɗaya ce. (Tayogilaikolet da ake amfani da shi a ɗakin gwaji don mayar da S-S zuwa SH, danginsa ne ke cikin man da ake sauya lanƙwasar gashi da shi.)

Duk wanda ya bi bayanin nan zai ga cewa kowace hanya tana da mai shigar burtu. Shi ya sa masu aikin ba sa yarda da gilashi ɗaya. Ana ɗaukar yanka na biyu daga naman, a toshe rukunin da ake zargi kafin a rina: SH da N-etilmalemaid ko ayodo'asetet, rukunin amino da asetik anhaidiraid ko asid na naitiros, tairosin da aidin. Idan launi ya ɓace a wanda aka toshe, zargin ya yi ƙarfi. Idan ya fito duk da haka, wani abu ne dabam ke ba da shi. Ana kuma ɗaukar yanka na uku a tsallake matakin farko gaba ɗaya, misali a kai shi shuɗin Alshiyan ba tare da ferfomik ba, domin majinar hanji da guringuntsi suna da salfet nasu na asali kuma za su yi shuɗi ko ba sistin. Sai na huɗu, naman da aka tabbata yana da abin: fankiriyas don tiriftofan, fata mai gashi don sistin, gwaiwa don arjinin. Idan shi bai yi launi ba, ruwan rinin ne ya mutu. Rashin launi ma ba ya isa hujja, domin SH kan koma S-S da iska kawai idan nama ya jira kafin a adana shi, ruwan adanawa mai zaiba irin na Zenker kuma yana toshe shi gaba ɗaya. Ni dai a wurina, hoton rinin amino asid da aka nuna ba tare da waɗannan gilasan ba bai wuce ado ba. A. G. Everson Pearse, wanda littafinsa na 1953 ya zama madogarar fannin, da tsararsa sun ɓata lokaci mai yawa a kan toshewa da buɗewa, kuma wannan ɓangaren aikin nasu ne ya fi daɗewa da amfani.

Yau da wuya a nemi ɗaya daga cikin waɗannan a ɗakin binciken cuta na asibiti. Ba ƙarya aka kama su da ita ba, tambayar ce ta sauya. Likita ba ya son sanin ko ƙari yana da tiriftofan, so yake ya san wane furotin ne, don ya san asalin ƙarin da maganin da zai ji. Wannan sai antibodi, wato furotin ɗin garkuwar jiki mai kama abu takamaimai, hanyar da Albert Coons ya buɗe a Amurka a 1941 lokacin da ya maƙala wa antibodi sinadari mai haske, kuma ta bunƙasa bayan 1991 da aka gano cewa dafa yankan a ruwa mai zafi yana kwance gadojin formalin ya buɗe abin da suka rufe. Antibodi yana gane siffar wani yanki na furotin, amino asid da dama a jere, don haka ya fi kowane rinin reshe zaɓe nesa ba kusa ba. Shi ma dai yana da nasa masu shigar burtun, kuma gilasan tabbatarwa ba su tafi ko'ina ba.

Abin da ya fi ban sha'awa shi ne yadda aka koma kan amino asid ɗin da ke yawo shi kaɗai, wanda tsofaffin hanyoyi suka sallama wa ruwan wanki. A ƙwaƙwalwa wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin gulutamet da GABA da gilaisin su ne saƙon da ƙwayoyin jijiya ke aika wa juna. A 1983 Jon Storm-Mathisen da abokan aikinsa a Oslo ta Norway suka juya illar gulutaraldehaid ta zama amfani. Da yake yana da hannu biyu, yana kama amino asid ɗin da ɗaya ya ɗaure shi a furotin mafi kusa da ɗayan, nan take, kafin ya gudu. Sai suka ɗaure gulutamet a wani furotin da irin wannan ɗaurin a kwalba, suka yi wa zomo allurarsa, suka samu antibodin da ke gane gulutamet a ɗaure. Da haka aka ga ƙwayoyin gulutamet da na GABA a yankan ƙwaƙwalwa da ido. Wahalar fassara ta biyo su nan ma, domin gulutamet yana cikin kowace ƙwayar halitta a matsayin abin aikin yau da kullum, kuma launi ba ya bambanta wanda aka tanada don saƙo da wanda ake ƙonawa don ƙarfi, sai an gangara maikiroskof na elektiron an ƙirga yawansa a bakin jijiya.

Hanya mafi sabunta ba ta buƙatar launi sam. Tun 1997, da aikin Richard Caprioli, ana iya harba leza a kan daskararren yanka ɗigo bayan ɗigo, na'ura ta auna nauyin abin da ya tashi daga kowane ɗigo, kwamfuta ta zana taswira. Naman ba ya shiga formalin ko alkohol, don haka ƙananan abubuwa suna nan. Amma amino asid ƙanana ne har sukan ɓace cikin hayaniyar sinadarin da aka fesa don taimaka wa lezar, shi ya sa ake fara fesa musu wani abu da zai kama rukunin amino ya ƙara musu nauyi da caji, kuma dole feshin ya kasance kusan a bushe don kada su narke su matsa daga mazauninsu. Girman ɗigon lezar ma yawanci maikiromita goma ne zuwa gomomi, kusan faɗin ƙwayar halitta guda ko fiye, alhali shuɗin DMAB yana nuna buhunan da ke cikin ƙwayar. Lusin da aisolusin kuwa nauyinsu ɗaya ne cif, sai an farfasa su a cikin na'urar an duba gutsattsarin kafin a raba su.